Sabuwar Wayar Totur

Shekara ashirin Mati yana gyaran babura a Ƙofar Guga, amma daren nan tsohon mashin ɗinsa ya kunyata shi a hanyar Batagarawa. Silo ya ƙi zama, injin ya yi ihu shi kaɗai ya mutu, fitila ta lumshe. Ya goge filogi, ya buga kik har gumi ya jiƙa masa riga.

"Sannu, Malam Mati. Duba wayar totur."

Wani mutum ne tsugune a gefensa. Mati bai ji takunsa ba, sai ƙaurin ƙonanniyar roba.

"Ni za ka koya wa aiki? Sabuwa ce fil!"

"Na sani. Tawa ce. Ran Talata na kawo maka, ka ce ka sa mini."

Nan take Mati ya tuna. Malam Zayyana tela ne ya kawo ta. Mati ya shafa wa tsohuwar mai ya mayar masa, sabuwar ya sa a nasa mashin ɗin. Washegari totur ya maƙale wa Zayyana a gaban tifa.

Kunya ta fi tsoro nauyi, Mati ya kasa ɗaga kai.

Muryar ta matso kunnensa, a sanyaye. "Na gan ka a jana'izata, Malam. Kai ka riƙe gaban makara."