Ramin da Kafintan Asabar Ya Toshe

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran ba. Rana ta riga ta faɗa bayan katangar maƙwabta, ɗan hasken da ya rage a garejin ja ne kamar katakon da ke jingine a bango. Tsohon yana tsugune gaban kabad ɗinsa da murfin gwangwani a hannu, yana kwaɓa garin katako da gam. 'Yar autarsa tana kicin tana ɗauraye kwanuka, tana kiransa ya zo ya yi alwala kada lokaci ya ƙure masa. Ya ce yana zuwa. Kullum haka yake cewa.

Shi fa ba kafinta ba ne. Shekara talatin da biyu ya yi a gidan waya yana buga hatimi a kan wasiƙun mutane, sai ranar Asabar yake taɓa zarto. Shi ya sa 'yan layin suka laƙaba masa Kafintan Asabar, ya yi ritaya sunan bai sake shi ba. Kafin kabad ɗin nan, abin da ya taɓa yi bai wuce benci biyu da wani teburi mai gajeriyar ƙafa ba, wanda matarsa ta yi ta cusa wa kwali a ƙasa tana dariya. Ita ce ta roƙe shi wurin ajiye tangaran ɗinta. Ya ce zai yi mata kabad da ba a taɓa gani ba a layin, na jan katako mai tauri, wanda ko ƙusa ɗaya ba za ta shiga jikinsa ba. Ya samo katakon maɗaci, ya jera shi a gareji da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya ce sai ya shekara uku yana bushewa. A shekara ta biyu matar ta koma ga Allah. Ba ta ga ko ƙafarsa ba.

Duk da haka ya yi shi. Ya zana a bayan tsohuwar kalanda, ƙofa biyu, durowa uku, ya yi ta gogewa yana sake zanawa. Kowace kusurwa ya yanka mata haƙora, su shige cikin juna kamar yatsun hannu biyu, ya shafa gam ya matse. Shekara biyu ya yi yana wannan aikin shi kaɗai a gida, don 'ya'yan duk sun watse, kowa da inda aure ko aiki ya kai shi. Mafi kyawun allon ya ajiye wa ƙofar dama. Zanen jikinsa yana kewayawa kamar ruwan da aka jefa wa dutse, a tsakiyar kewayen kuma akwai wani ɗan rami baƙi, faɗinsa bai wuce babban yatsa ba. Ya taɓa zura masa waya, ta shige fiye da kaurin allon, ba ta kuma fito ta baya ba. Ya ce a kwance ramin ya tafi, ya bar shi a haka.

Auta ce ta yi magana. Ma'aikaciyar jinya ce, ta zo hutun sati biyu, ita kuwa duk inda ta ga rami sai ta ga ƙazanta. Ta ce kyankyasai za su yi gida a ciki, ya toshe shi kafin ya shafa mai. Ya ji maganarta. Ana kiran sallar magariba yana danna kwaɓin da yatsa, ya cika ramin taf, ya share bakinsa da tsumma. Ko bisimilla bai yi ba. Mai aikin hannu in ya ga ƙarshen aikinsa, ba ya jin kira.

Suna zaune a falo bayan salla suka ji an ƙwanƙwasa. Sau uku, a hankali, irin na baƙon da ke jin nauyin masu gida. Auta ta leƙa ƙofar waje, babu kowa. Aka sake. Daga gareji ƙarar take fitowa, kuma ba ƙarar ƙofar ƙarfe ba ce, ƙarar katako ce. Tsohon ya ɗauki tocila ya shiga. Kabad yana tsaye inda ya bar shi, gam yana ɗan ƙyalli. Ya ce katako ne ke motsi saboda sanyin yamma. Ana kiran isha abin ya tsaya.

Washegari a daidai wannan lokacin aka fara jifa a kan kwano. Da safe suka tarar ba duwatsu ba ne, guntayen katakon da ya tara a buhu ne, ga garejin kuwa a kulle, makulli a aljihunsa. Rana ta uku suka sami garin katako a cikin butar shayi. Rana ta huɗu babu jifa, sai wani siririn kuka daga bayan bango, kukan tsohuwar da ta gaji da kuka amma ta kasa dainawa. Uban da 'yar suka zauna da abinci a gabansu, babu mai kallon wani. Kullum daga faɗuwar rana zuwa isha ne, daga nan gidan ya yi tsit, tsit ɗin ma ya fi kukan nauyi.

Rana ta biyar ya dawo daga masallaci bai tarar da ita a falo ba. A gareji ya same ta cikin duhu, tana tsaye gaban ƙofar dama, tana ƙwaƙular wurin da ya toshe da farce. Gam ya riga ya bushe ya zama kamar dutse, farcenta biyu sun tsage, jini yana bin zanen katakon. Ya kira ta. Ta juyo a hankali, ta dube shi da idon da bai san shi ba.

"Buɗe mini," in ji ta, da muryar da ta girmi tasa.

Daga ranar ta daina cin abinci. Da rana tana kwance tana rawar sanyi ko da bargo uku, da magariba ta miƙe ta nufi gareji, sai ya riƙe ta da ƙarfinsa na tsufa tana jan sa. Hutunta ya ƙare. Mijinta ya yi ta bugo waya, uban ya ce zazzaɓi ne. Ya faɗi haka sau huɗu. Yarinyar da ke ɗaga majiyyata da hannu ɗaya ta koma ba ta iya riƙe kofi.

Yayarsa ce ta fasa ƙwan. Ta zo ba sanarwa, ta ga Auta, ta ajiye jakarta a ƙasa ta fuskanci ƙanenta. Ta ce tun yana yaro haka yake, in abu ya fi ƙarfinsa sai ya rufe ƙofa ya yi shiru kamar shirun zai warkar. Ta ce ya binne uwar, yanzu so yake ya binne 'yar saboda kunyar maƙwabta? Kafin la'asar ta dawo da wani malami, siririn dattijo mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare, wanda ba ya ɗaga murya. Malamin bai tambayi mafarki ko maƙiya ba. Cewa ya yi a nuna masa abu na ƙarshe da aka canja a gidan. Aka kai shi gareji. Ya daɗe yana shafa ƙofar dama, ya yaba haɗin kusurwoyin, sannan ya ɗora yatsa a kan toshiyar ya ce a shimfiɗa tabarma a nan.

Rana na faɗuwa aka kawo Auta, gwaggonta na riƙe da kafaɗunta. Malam ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi, har inuwar kabad ta rufe tabarmar. Jikin yarinyar ya sandare, sannan ya saki, bayanta ya ranƙwafa kamar na 'yar shekara ɗari. Malam ya tambaye ta wace ce, me kuma take nema a jikin baiwar Allah.

Ta ce ita tsohuwa ce, a bishiyar nan aka haife ta tun ba a yi hanya a wurin ba. Da aka sare bishiyar danginta suka watse, ita ƙafarta ba ta kai ta bi su ba, ta maƙale a ɗan kogon da zarto ya bari. Da shi aka kawo ta gidan nan. Shekara biyar tana ciki, ko cokali ba ta taɓa kayarwa ba. Da magariba takan fita ko za ta ji labarin nata, ta dawo kafin isha. Ran nan ta dawo ta tarar an liƙe mata ƙofa.

"Na ƙwanƙwasa," ta ce. "Ya zo da fitila ya dube ni, ya ce katako ne."

Malam ya ce ko da an zalunce ta, wannan bai ba ta izinin shiga jikin 'yar mutane ba. Ta ce waje da sanyi, yarinyar kuwa da ɗumi, kuma ita ce ta ce a toshe. Ya ƙara karatu, ta yi ƙara ta roƙe shi ya sassauta. Sai ta kawo tayinta. A buɗe mata raminta, a bar ta a kabad ɗinta, ta saki yarinyar yanzun nan. Ta juya kan Auta wajen tsohon.

"Kullum in yana goge katako yana magana. Na san ba da ni yake ba, da mai tangaran yake. Yana gaya mata abin da ya ci, da inda ke masa ciwo, da wanda bai bugo waya ba. Amma ni ce a ɗakin. Ni nake ji."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Da ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Malam, in dai za ta saki yarinyar, a bar ta mana. Ba ta da kowa."

"Kai kuma kana da hankali?" in ji yayarsa. "Dubi hannun 'yarka."

Malam bai yi faɗa ba. Ya tambayi tsohuwar abu ɗaya: yanzu da ta san hanyar shiga jikin nan, in wata rana aka sake ɓata mata, ko aka matsar da kabad, ko mai maganar ya mutu, za ta iya rantsewa ba za ta koma ba? Ta ce ba za ta iya ba. Ɗumin ya yi mata daɗi.

To, in ji Malam, ga abin da za a yi. Za a ba ta gidanta, amma ba a gidan nan ba. A cire allon, a buɗe ramin, a kai ta inda babu mutane. In ta ƙi, a ƙone kabad ɗin da ita da komai. Ta yi kuka, ta ce ta yarda, sai dai shi da ya toshe shi zai buɗe da hannunsa.

Da kabad ɗin kasuwa ne, ƙusa huɗu za a zare a gama. Wannan kuwa allon yana zaune cikin kwarmin da ya yanka masa ta kowane gefe, haƙoran kusurwa sun cije, gam ya kama. Ya yi shi don kada ya taɓa rabuwa. Ya zagaya shi sau biyu yana neman dabara, babu. Ya dubi Auta, ya ɗauko zarto. Katakon maɗaci ba ya yankuwa da sauri. Babu abin da ake ji sai zarto da numfashinsa, jan gari yana zuba a kan ƙafarsa. Da allon ya fita ya ɗora shi a cinya, ya sa ƙarfen sassaƙa ya ƙwaƙule toshiyar kaɗan kaɗan, ya hure, ya bi bakin ramin da sanfefa don kada ya bar tsini.

Auta ta yi atishawa sau uku, ƙafarta ta hagu ta harba, ta zube a jikin gwaggonta. Can ta buɗe ido ta ce, "Gwaggo, yaushe kika zo?" Sannan ta nemi ruwa.

Da sassafe shi da Malam suka fita bayan gari da allon naɗe a tsumma. Suka sami wata babbar bishiya nesa da hanya, ya maƙala shi a tsakanin rassa, ya karkatar da ramin ƙasa don kada ruwan sama ya shiga. Malam ya ce kada ya ce komai, kada kuma ya sake zuwa wurin. Bai ce ba. Sun yi nisa yana ta share hannunsa a riga.

Auta ta warke sarai. Ba ta tuna komai ba sai sanyi, amma gwaggonta ba mai riƙe magana ba ce, ta zayyana mata duka, har da abin da tsohuwar ta faɗa a kan ubanta. Kwana goma ta ƙara, mijinta ya zo ɗaukarta. Ta roƙi uban ya bi su, akwai ɗaki. Ya ce sai wata mai zuwa. A bakin mota ta riƙe hannunsa da yatsunta masu bandeji.

"Baba, za ka iya zama kai kaɗai?"

"Ai da ma ni kaɗai nake."

Ta dube shi, ya dube ta, babu wanda ya gyara maganar. Motar ta tafi, yayarsa ma ta bi su a sauke ta a hanya. Ya rufe ƙofar gida ya sa sakata.

Da rana ta faɗi ya shiga gareji ya zauna a kan benci. Gwiwarsa ta dama tana masa ciwo tun safe. Ya buɗe baki zai faɗa, ya tsaya, ya saurara. Sannan ya rufe bakin, ya tashi ya je ya yi alwala.