Katangar da Teku ke Ci

"Kada ka sake ce min ma'alish, Muktar, na gaji da ban-haƙurinka!"

Hanifa ce tsaye a ƙofar gidansu da ke unguwar Faisal, ranta a ɓace. Gogan naka kuwa ya rakuɓe a matakala, wandonsa duk yashi.

"Jiya Kawu Giɗaɗo ya rufe shagonsa na kasuwar Ataba don ya gana da kai. Tun azahar yake zaune har magariba!"

"Hanifata, ki tsaya ki ji..."

"In ji me?"

Ta cusa masa waya a fuska. Hoto ne da Nana Fatima ta tura wa Kawu, ƙawar Hanifar nan mai fuska biyu da ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Muktar. Ga shi nan a bakin teku wajen Iskandariyya, buhun yashi a kafaɗa, gicciye a samansa.

"Ɗalibin fiƙihu guda, ka shanya waliyyina ka tafi yi wa coci dako! Kawu ya ce khalas, babu aure!"

Sai ga Kawun ya fito, fuska a murtuke.

"Kawu, teku ce ke cin cocin," in ji Muktar. "Ɗaruruwan shekaru yana tsaye, shekaranjiya ruwa ya zubar da rabin katangar baya."

"To ina ruwanka?"

"Yayana Isma'il yana kwance a gindinta."

Muktar ya ɗago kai, ya ci gaba.

"Shekara shida ke nan da jirginsu na zuwa Turai ya kife. Ruwa ya kawo gawarsa nan. Tsohon mai gadin cocin ya kira masunta Musulmi suka yi masa sutura, ya ba su wuri suka binne shi yana kallon alƙibla. Yanzu taku bakwai ya rage ruwa ya kai gare shi... Umma kuwa har yau tana cewa ɗanta na Italiya."

Hawaye suka zubo wa Hanifa, amma maimakon ta huce sai wutar ta ƙaru.

"Shekara biyu kana kirana rabin ranka, ka ɓoye min wannan?! Ni ba ta ɗaukar kaya da kai ba ce? Wallahi ka raina ni!"

Muktar ya sunkuyar da kai. Gaskiya ta faɗa.

Kawu ya juya ciki. Can ya dawo da ɗaurin buhunan da yake zuba kayan shago, ya dire a gabansa.

"Gobe da ni za a cika su. Juma'a ka turo manyanka. Amma kafin nan, kira uwarka ka gaya mata inda ɗanta yake."

Muktar ya ciro wayarsa, amma danna lambar Umma ya gagare shi.

Hanifa ta fizge wayar, ta danna, ta zauna kusa da shi a matakala.

"Ban huce ba fa," ta ce. "Yi magana, ina nan."