Minti Tara da Faifan Ya Cinye

Da la'asar aka kawo wa Sufeto rahoto: 'yar mai sharar wani ɗakin ajiyar magunguna, yarinya 'yar shekara biyar, ta ɓace a bakin ƙofa. Ya daɗe a aikin nan, ya san yaron da ya kwana ba a gan shi ba, da wuya a sake ganinsa.

Mai gadi ya ce ya hango wata farar mota, amma lambarta sai dai a tambayi kyamara.

Manajan wurin, wanda yayan uwar yarinyar ne, shi ya samar mata aikin, ya kai su ɗakin na'ura yana share gumi. Hoton ranar duk yana nan a faifan kyamarar, ban da minti tara. Wuta aka ɗauke, in ji shi.

Sufeto ya sa aka kira injiniyar ofishinsu, mace mai ƙarancin magana. Ta jima tana danne-danne kafin ta ɗago.

"Ranka ya daɗe, da wuta ce, faifan shiru zai yi. Wannan kuwa ya bar amsa a rubuce: an ba shi umarnin gogewa, aka dawo aka soke."

"In an soke, ba ya maido da abin?"

"Ba ya maidowa. Wanda ya riga ya fara gogewa sai ya ƙarasa shi, sannan ya tsaya."

Lambar sirrin na'urar kuwa mutum ɗaya ke da ita: manajan.

Manajan bai ja da nisa ba. Kwalayen magani ya fitar ta wannan ƙofar, ya zo ya goge shaida. Yana cikin gogewa ya ji ihun ƙanwarsa a waje, ya gane abin da yake shafewa, ya danna sokewa har yatsansa ya yi ciwo.

Sufeto ya ji takaici. Ya kama ɓarawo, amma ba shi ya zo nema ba.

Ana fita da shi da ankwa, ƙanwar ta tare hanya. Ba ta zage shi ba.

"Yaya, kafin ka goge, ka ga lambar motar?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban duba ba."