Tafsiri Kusa da Takalma

Ran wata Talata a 2013, Dokta Alaa ya shigo ofishin 'yan sanda na Wustul Balad, unguwar tsakiyar birni, yana huci. Shekara talatin yana tara tsofaffin littattafan waƙoƙin Faransanci masu zane, yau an ɗauke wanda ya fi so.

Kafin Insfekta Amjad ya karɓi binciken, har an kulle Bakhita, mai sharar gidan Dokta. 'Yar gudun hijira ce daga Sudan, takardar zamanta kuma ta ƙare. Ana rubuta ta ɓarauniya, sai a tisa ƙeyarta zuwa inda ta gudo.

"Wa ya gan ki da littafin?" in ji Amjad.

"Ustaz Ukasha ne ya faɗa, ranka ya daɗe. Wallahi ko ƙurar kabad ɗin littattafan ba a barina in share."

Amjad ya duba kabad. Ba a ɓalle shi ba, mabuɗi kuwa biyu ne: na Dokta, da na Ukasha, ɗalibi magidanci mai gyara masa bangon littattafai. Amma ba wanda ya tambaye shi. Wai ustaz ne!

Amjad ya same shi a ɗakinsa na unguwar Ainu Shams. Littattafan addini jere can saman kanta, tsaf.

"Da idona na gan ta," in ji Ukasha.

"Tamam. Ustaz, ka taɓa ajiye tafsiri a ƙasa?"

"A'uzu billahi! Ni?"

"To wancan fa, ƙarƙashin gado, kusa da takalmanka?"

Amjad ya jawo shi. Bango na tafsiri ne, har yanzu yana warin gam. Ciki kuwa baitocin Faransanci, ga zanen wata mata a bakin kogi.

Ukasha ya zube. "Ni na ɗauka. Wani mutum a kasuwar Ataba yake so ya saya. Na kasa haɗa shi da littattafan addini ne, saboda hotunan."

Ran Amjad ya ɓaci ƙwarai.

"Hoto ka ji tsoro, amma ƙazafi bai dame ka ba? Baiwar Allah tana can a kulle saboda bakinka! Yalla, miƙo hannunka."

Ya buga masa ankwa, aka sauko da shi.

A ofis, Dokta ya rungume littafinsa yana shafawa. Da aka fito da Bakhita, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Ma'alish," wato ta yi haƙuri.

Kwana biyu a kulle, abin da ta samu ke nan.