Ruwan da Umma Ta Sha

A bakin wata tsohuwar rijiya da ke bayan gidajen Samaru Muntasir ya fara ganin Ilham. Damina ta yi gardama a shekarar, aka koma raba ruwan famfo unguwa-unguwa, wani makon ma ranarku ta zo ta wuce famfon bai ko yi tari ba. Kowa ya koma ga rijiya da 'yan ga-ruwa.

Ta janyo guga ke nan, ruwan jawur kamar kunun kanwa, sai ta lura wani dogo mai rigar aiki ya ƙura mata ido.

"Malam, lafiya? Ni kake kallo ko gugana?"

"Wallahi da ruwan na fara," ya ce, "amma yanzu na bar shi."

Ta harare shi, sai dai dariya ta riga ta ƙwace mata. Ya ce a Chikaji yake aiki, yana haɗa durom na tace ruwa: tsakuwa a ƙasa, gawayi a tsakiya, yashi a sama. A zuba ruwan laka, ya fito garau. Ya miƙa mata gorarsa ta ɗanɗana. Ta kurɓa, ta yarda.

Daga nan wayar Ilham ba ta sake hutawa ba.

"Ilhamata, yau ma na yanke ƙarfe ba daidai ba. Oga ya ce ko aljanu ne, na ce a'a, 'yar Samaru ce."

"Dogona, ka bar ɗora min laifi. Ka ci abinci kuwa?"

Da ya je gaida mahaifinta, Malam Umaru, bai je hannu rabbana ba. Ya haɗa durom sabo fil don gidan. Amma ɗoki mugun abu ne. Gawayin da ya saba wankewa sai ruwansa ya yi fari, ranar ɗauraya ɗaya ya yi masa ya zuba. Aka juye ruwan rijiya, Umma Hafsatu, mahaifiyar Ilham, ta tara kofi a bakin famfon. Abin da ya fito baƙi-baƙi ne.

Umma 'yar gidan malamai ce, ta san launin rubutun da ake wankewa daga allo a sha. Ta ajiye kofin a gefe har baƙon ya tafi.

Da yamma Usaid ya shigo gaisuwa. Ɗan maƙwabta ne, gidansu akwai bohol, kuma ya daɗe yana aiko musu da ruwa yana jiran Ilham ta gane karatun. Ya ɗaga kofin, ya juya shi a hankali.

"Ni dai ban ce komai ba, Umma. Amma tawada da me ake yin ta? Ba da gawayi ba?"

Shi ke nan, ya kunna wuta ya yi sallama.

"Ke Ilham," in ji Umma, "kin taɓa shan ruwa daga hannun yaron nan?"

Ilham ta tuna gorar bakin rijiya. Ita da samari ke cewa ta fiye tsauri, yaya aka yi kurɓa ɗaya ta hana ta barci? Abin da ya fi ba ta tsoro ba faɗan Umma ba ne. Tsoronta kada ya zama son da take ji ba nata ba ne, zuba mata shi aka yi.

Ta rubuta masa: "Don girman Allah ka faɗa min gaskiya. Me ka sa a ruwan?"

"Tsakuwa, gawayi, yashi. Na yi gaggawa ban wanke gawayin sosai ba. Ilhamata, ni kike zargi?"

Ta kife wayar ta yi kuka.

Umma ta kafa doka: Ilham ba za ta sha ko ɗigon ruwan da ba na bohol ɗin su Usaid ba, wayarta kuma ta koma hannun Umma. Durom ɗin aka kai shi bayan ɗakin girki aka rufe da buhu. Makonni suka shuɗe. Ilham tana jiran son ya sake ta, shi kuwa ko gezau. Ta rame, ta daina hira. Ta kuma lura kullum da safe Umma na zagayawa bayan ɗakin girki da kofi a ƙarƙashin mayafi. Ta ce a ranta wurin wani malamin ake kai ruwan a duba.

Wata Asabar Umma ta sa aka kira Muntasir. Ya zo ya durƙusa gaban Malam Umaru, shi ma duk ya faɗa. Ilham na bayan labule.

"Kai yaro, ɗago ka dube ni," in ji Umma. "Tun ranar da ka kawo durom ɗin nan nake shan ruwansa kullum, tun yana baƙi har ya washe."

Malam Umaru ya zaro ido. "Hafsatu! Ke da kanki?"

"To wa zan ba? Na ce in akwai wani abu a ciki, ya kama ni, kada ya kama 'yata. Na zauna ina jira in ji na fara son ka. Wallahi har yau ina ganin tsawonka ya yi yawa, ga rawar kai, ga gaggawa. Ni na sha, ban ji komai ba. Ita ba ta sha na durom ɗin ba, ga ta can ta koma kamar tsinke. Malam, wannan ba aikin ruwa ba ne. Ka ce ya turo magabatansa."

Muntasir ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a tabarma.

A zaure Ilham ta tare shi, ta kasa haɗa ido da shi.

"Ka yafe min, Dogona. Na zarge ka, na zargi zuciyata."

"Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba," ya ce. "Amma da na wanke gawayina, da ban san irin uwar da zan samu ba."

Aka ɗaura aure a Samaru. Usaid ya zo, ya yi addu'a, ya tafi da wuri. Da za a kai amarya gidan ango a Dogarawa, ango ya shigo sallama. Umma ta ɗora hannu a kan Ilham ta sa mata albarka, sannan ta juya ga Muntasir.

"Ga ta nan, amana ce. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya yi maka albarka, ɗana."

Malam Umaru ya gyara zama yana murmushi.

"Ɗana? Hafsatu, ko dai ruwan ya fara aiki?"

"Wannan kam shi ya nema da halinsa," ta ce tana share ido. "Ku ce amin mana."

Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin.