Ɗan Makaɗin Dalijan

Wayar Amatullahi ce ta faɗa bokitin wanki, ta fito da murya irin ta mai mura. Shi ya sa da hantsin wata Laraba ta tsaya a ƙofar shagon gyaran waya da ke bakin titin Kalgo, daidai inda ɗaliban jami'a ke hawa kabu-kabu.

Mai shagon, Lukuman, ya ɗago zai tambayi abin da za a gyara, sai idonsa ya tsaya a kanta. Doguwa ce cikin hijabi ruwan toka, da 'yar wushiryar da ba ta fitowa sai mai ita ta ga dama.

"Malam, sifika ce ta lalace. Amma don Allah kar ka taɓa min memori, rabin raina na ciki."

Gyaran da bai wuce na ɗan lokaci ba, sai da bawan Allah ya ja shi kamar mai haɗa injin mota. Da ya gama ya miƙa mata.

"Kunna wani abu mu ji, ranki ya daɗe."

Ta kunna. Ganga ta tashi, mai nauyi, mai ratsa ƙirji, sai muryar wani dattijo ta hau kanta tana kiran manoma su duƙa su kama kuyya.

Sukundireba ta suɓuce daga hannun Lukuman. Ko daga barci aka tashe shi ya san muryar nan. Mahaifinsa ne, Ɗalha mai gangar noma na Dalijan. Tun da ya baro gida, duk wanda ya tambaye shi a Kalgo sai ya ce babansa manomi ne, ya ja baki ya tsuke. Ya sha jin "ɗan maroƙi" a makaranta har ta ishe shi. Ita kanta ƙatuwar sifikar da ke ruri da waƙoƙin zamani a shagonsa tun safe, rabin aikinta ɓoye asali ne.

Maimakon ya yi shiru, wallahi sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Kai! Ke da kike jami'a, wannan hayaniyar ƙauye kike ji?"

Ta kalle shi sama da ƙasa. "Hayaniya? Naku na fiyano ai cingam ne, sati guda zaƙin ya fita. Wannan a wayar marigayiya Innata na same shi, ko sunan mai kiɗan babu. Da shi nake wanki, da shi nake karatu. In na ji shi sai in ji kamar ba abin da zai gagare ni."

Ta biya, ta juya. Ya bi ta da ido, kunya da so suka taru suka danne shi a lokaci ɗaya.

Daga ranar nan wayar Amatullahi ta zama mai yawan laulayi. Yau caji, gobe gilashi, jibi ba komai. Musun waƙa ya zama abincinsu. Ya tura mata sabuwa, ta ce mawaƙin da hanci yake rerawa. Ta tura masa ganga, ya ce kansa na ciwo, alhali yana saurare har ƙarshe, yatsunsa na bugun teburi ba da saninsa ba.

"Injiniyana, ka ci abinci kuwa? Ko fiyanon ne ya ƙosar da kai?"

"Amatuna, tun da na ga saƙonki na ƙoshi. Ina sonki, har da mugun zaɓinki na waƙa."

Sau da yawa ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya, sai ya tuna daga gidan da ta fito. Mahaifinta Malam Abdulgani, mutumin Gwandu ne mai zaure da ɗalibai, gidan da ake ƙirga kakanni kafin a ba da 'ya. Sai ya haɗiye maganar ya ce gobe.

Goben ba ta zo ba har aka ba shi izinin turo magabata. Kafin nan, kamar yadda aka saba, Malam ya sa a binciko asalin yaro. Wa aka aika? Sirajuddeen, ɗan ƙanen Malam, wanda ya daɗe yana zagaya Amatullahi tana kauce masa. Ai kuwa ya tafi Dalijan da ƙwarin gwiwa, ya dawo baki har kunne.

Amatullahi na tsakar gida tana tankaɗe, ta zo hutun ƙarshen mako, Sirajuddeen ya shigo ya tsaya a kanta riƙe da waya.

"Ƙanwata, zo ki ga surukinki."

Bidiyo ne. Wani tsoho siriri rataye da ganga a bakin gona, yana zuba wa matasa kirari suna noma. Ba ta taɓa ganin fuskar ba, amma muryar! Rariya ta faɗi daga hannunta.

Daga zaure ta ji muryar mahaifinta, a sanyaye, irin sanyin da ya fi tsawa ban tsoro.

"Ba mu taɓa haɗa zuri'a da makaɗa ba, kuma ba a kaina za a fara ba. A gaya wa yaron ya yi haƙuri."

Ta shiga ɗaki. Ba maganar Malam ce ta fi ƙona ta ba. Ta ɗauki waya ta rubuta:

"Lukuman, ashe mahaifinka ne? Wata da watanni ina kunna maka muryarsa kana toshe kunne kana cewa hayaniyar ƙauye. Ni ka mayar mahaukaciya, ko shi ka mayar abin kunya? Wanda ya iya juya wa ubansa baya a gabana, ni wace ce da ba zai juya min ba?"

Ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya sake, ta kashe wayar. Washegari ta tarar da amsarsa:

"Ban da abin cewa, Amatu. Tsoron rasa ki ne ya sa na yi abin da ya fi rasa ki muni. Ki yi fushi, kin yi daidai. Amma don Allah kar ki daina jin kiɗansa saboda ni, shi bai yi miki komai ba."

Ta karanta ta yi kuka har kanta ya yi ciwo, amma ba ta amsa ba.

Yarinya ta rame, abinci sai an yi da gaske. Goggo Kubura, yayar Malam, wadda ta riƙe ta tun rasuwar uwarta, ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, ta saka ƙanenta gaba. Kullum da safe sai ta je zaure ta zauna masa. Da ƙyar ya sassauto, amma da sharaɗi. Zai ba da auren in wani kawun Lukuman, ɗan kasuwa a Kalgo, zai tsaya a matsayin uba. Shi kuwa mai ganga kada ya taka Gwandu, ba ranar neman aure ba, ba ranar ɗaurin aure ba.

Lukuman ya hau babur ya tafi Dalijan da saƙon a bakinsa kamar garwashi. Ya tarar da tsohon a gindin darbejiya yana ɗaure tsarkiyar ganga. Ya yi ta kewaye-kewaye, har dai ya faɗa.

Ɗalha ya yi dariya, wai shi a dole abin bai dame shi ba.

"To mi na na wahala cikin wanga? Awo, na yarda. Ko ban tahi ba ai aure ya ɗauru. Ka samu ɗiyar manya, kar ka bari ni in ɓata maka."

Yana maganar, hannunsa ya kasa zura tsarkiyar a hudar fatar ganga. Lukuman ya tsura wa hannun ido. Da wannan hannun aka biya masa makaranta, da shi aka saya masa kayan gyaran waya na farko. Ga Amatullahi a tafin hannun Lukuman, abin da ya rage kawai ya ce to.

Ya miƙe. "Baba, ka sa babbar rigarka. Gwandu za mu."

A hanya ya tsaya ya tura saƙo ɗaya:

"Ina zuwa gidanku da mahaifina. Wataƙila yau in rasa ki gaba ɗaya. Ki yafe min in haka ta faru."

Amatullahi ta karanta saƙon. Ta ruga ta laɓe bayan ƙyauren da ke tsakanin zaure da cikin gida, Goggo Kubura na bayanta tana salati.

Bayan la'asar suka iso. Zaure cike, Malam na kan buzunsa, Sirajuddeen na gefe. Ɗalha ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba yi a ƙofar manya, ya ɗaga hannu zai fara jinjina. Lukuman ya kama kafaɗarsa, ya tashe shi, ya shigar da shi ya zaunar a kan tabarma. Sannan shi ya durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, wannan shi ne mahaifina, Malam Ɗalha. Makaɗi ne. Na ɓoye shi, na ji kunyarsa, kuma wannan laifina ne ba nasa ba. Ina son Amatullahi, Allah ya sani. Amma ba zan ari uba ba alhali nawa na raye."

Fuskar Malam ta haɗe. Amatullahi ta dafe ƙirji.

Sai Sirajuddeen ya miƙe yana murmushi. Ya zaro takardar kuɗi daga aljihu, ya taka har gaban tsohon, ya liƙa masa a goshi.

"To Baba, tun da an zo, a ɗan taɓa mana mana. Ko an bar gangar a gida?"

Wani ɗalibi ya ƙyalƙyale, ya yi maza ya rufe baki. Ɗalha bai motsa ba. Shekara da shekaru ana masa liƙi yana godiya, yau ne kawai abin ya zama mari. Ya sunkuyar da kai, takardar na manne da zufar goshinsa.

Jijiyar wuyan Lukuman ta tashi. Kowa ya ga hannunsa ya dunƙule. Amatullahi ta runtse ido tana cewa a ranta, don Allah kar ka yi, don Allah.

Bai yi ba. Ya sa hannu a hankali ya cire kuɗin, ya goge wa mahaifinsa goshi da bakin rigarsa, ya ajiye takardar a gaban Sirajuddeen.

"Yau ba aiki ya zo ba. Baƙon Malam ne."

Malam Abdulgani ya ɗago. Ya kalli ɗan ƙanensa, wanda ya tashi a gabansa, ya yi karatu a zauren nan. Ya kalli ɗan makaɗin da har yanzu ke durƙushe. Kunya ta kama dattijon har cikin ƙashi.

"Sirajo, fita. A zaurena ake wulaƙanta mai furfura?"

Ya tashi da kansa, ya janyo buzunsa ya shimfiɗa kusa da Ɗalha. "Malam, ka dawo nan. Ka yi haƙuri." Amma maganar aure bai ce komai ba. Da za su tafi cewa kawai ya yi, "Ku je, za ku ji."

Kwanakin da suka biyo baya ba daɗi. Lukuman ya kashe sifikar shago, maƙwabta har suna leƙowa ko lafiya. Malam kuwa sai ya kira 'yarsa wata safiya.

"Kin san abin da dangi za su ce? Za a kira 'ya'yanki jikokin mai ganga."

Ta durƙusa. "Na sani, Baba. In ka hana, na hanu. Amma in ka tambaye ni, ina son 'ya'yana su samu uban da zai goge maka goshi in ka tsufa."

Malam ya kau da kai, ya ce ta tashi ta tafi. Da yamma ya aika Dalijan a turo.

Ita ta riga kowa sanar da Lukuman:

"Injiniyana, Baba ya amince. Na huce, amma ba duka ba. Sauran sai ka lallashe ni a gidanka."

"Alhamdulillahi! Amatuna, sanyin idona, zan lallashe ki har ki ce ya isa. Don murna na kusa ƙona wayar mutane."

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam. Wasu dangi sun ƙi zuwa, an kuma ɗaura ba su. Da liman ya tambayi mai karɓa wa ango, Ɗalha ne a sahun gaba cikin farar riga. Mutumin da muryarsa ke cika gona, ranar nan sai da aka ce ya maimaita, don ba a ji "na karɓa" ɗinsa ba.

Da aka kai amarya Kalgo, kafin ta shiga ɗakinta ta ce a kai ta wurin surukinta. Ta durƙusa a gabansa, Lukuman na gefenta.

"Baba, ina wuni."

Tsohon ya kalle ta. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

"Ɗiyata, duk rayuwata bukin mutane daga bakin ƙofa nike ganinai. Yau ni aka cewa shigo ka zamna."

Ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kan ɗansa.

"Allah shi yi muku albarka. Allah shi ba ku ɗiyan da za su riƙa hannunku gaban jama'a, su ce wanga shi na ubana, wagga ita ta uwata."

Lukuman ya kasa ɗago kai. Amatullahi ce ta amsa musu su biyu, ta ce amin, Baba, amin.