Wayar da Ta Goge a Tsakiyar Tafki

A tsakiyar daskararren tafki, can arewacin duniya, babur ɗin tafiya kan ƙanƙara na wani makiyayi mai suna Jovsset ya mutu, yana dawowa daga wurin garken bareyin da yake kiwo cikin dare. Tsohon babur ne, wanda ake tayarwa da jan igiya. Ya yi ta ja har kafaɗarsa ta yi tsami, injin sai ya yi tari ya yi shiru. Ya kwance fulogi ya goge, ya jingina shi da inji ya sake ja, ko ƙyallin wuta babu. Yatsunsa sun fara sandarewa, kuma ya san wanda ya kwana a nan ba ya wayar gari.

"Bar wahalar da fulogi, ɗana," in ji wani dattijo a bayansa, murya a shaƙe.

"Kawu, daga ina haka?"

"Nan kusa. Laluba ƙarƙashin kan babur, wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe. Ku yaran yanzu gudu kawai kuka iya."

Ya laluba, ga ta kuwa. Ya naɗe ta da ƙyalle, ya mayar da fulogi, ja ɗaya injin ya kama.

"Hau in rage maka hanya, Kawu."

"Kai dai kada ka bi ta bakin kogi, ƙanƙarar ba ta da kauri. Can ƙasa nawa babur ɗin yake."

Jovsset ya karkato kan babur, fitila ta haska dattijon. A sanyin da ke daskarar da yawu, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ga ciyawar ƙasan tafki nannaɗe a wuyansa.